Matsalar Sunan Makunnin da Ke Aiki daga Wuri Biyu

A gidan bene akan so a kunna fitilar matakala daga ƙasa, a kashe ta bayan an hau. Makunnin da ke yin wannan aiki ya bambanta da na kullum, domin maɗauran waya uku gare shi, ba biyu ba. Wuta tana shiga ta ɗaya, sa'an nan ya karkata ta zuwa ɗayan wayoyi biyu da suka haɗa shi da ɗan'uwansa na sama. Saboda haka ba shi da tsayayyen gefen kunnawa ko na kashewa. Sai yadda ɗan'uwan ya tsaya.

Wahalar mai fassara ita ce Turawa ba su haɗu kan suna ɗaya ba. Turancin Ingila, wanda masu aikin lantarki a Nijeriya suka gada, yana ce masa "mai hanya biyu", watau hanyoyin da wuta za ta iya bi. Turancin Amurka kuwa "mai hanya uku" yake cewa, adadin da ya dace da maɗauran. Faransanci, da ake koyar da sana'ar da shi a Nijar, bai yi ƙidaya ba sam, motsin ya duba, ya ba shi suna mai ma'anar kai-da-komo.

Idan wuraren sun kai uku, sai a sa wani iri mai maɗaurai huɗu tsakanin biyun nan, aikinsa musanya wayoyin. Ingila ta ce "na tsakiya", Amurka ta ce "mai hanya huɗu". To, ɗalibin da aka fassara wa littafin Amurka kalma da kalma zai zaci "mai hanya uku" na wuri uku ne, ya sayo uku, ya ɗaura, fitila ta ƙi bin umarni.

Ga alama abin da ya fi shi ne Hausa ta bar kalmar "hanya" gaba ɗaya. "Makunnin kai-da-komo" yana da daɗin faɗa, amma bai gaya wa mai saye komai ba. "Makunnin wuri biyu" ya fi fayyace amfani, ko da yake yana da rauni: shi ne dai ake sawa a farko da ƙarshe ko da wuraren biyar ne. Don haka a littafin koyarwa ya kyautu a ce "makunnin gefe" da "makunnin tsakiya". Alal misali, wuri biyar na bukatar na gefe 2 da na tsakiya 3.