Kafin Nima, Akwai Salaga

Tun kafin Bature ya shata iyaka, kakanninmu fatake ke koro jakuna daga Kano zuwa Gonja, su kai kanwa da baƙin zane, su dawo da goro. Madugu ne ke jan ayari. A kasuwar Salaga kuwa, maigida ke saukar da baƙo, ya ajiye masa dukiya, ya tsaya masa a ciniki. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa su, wasu suka gangara Kumasi da Accra da wannan al'ada. Ita muka gada a Nima da Mamobi. Yau dattawan da suka san labarin suna ƙarewa. 'Yan kasuwa, mu zauna da su tun suna raye.