"Ai Bolt 12 Ne Kawai": Haɗarin da Ke Kwance a Ɗakin Haɗa Mutum-mutumi

Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabon tsarin karatu a 2025, wanda ya ba fasahar zamani gurbi tare da sana'o'in hannu irin su haɗa sola da gyaran waya, zancen kulob ɗin haɗa mutum-mutumi, ko saƙago kamar yadda wasu ke ce masa, ya ƙara shiga bakin iyaye. Masu murna na murna, masu fargaba na fargaba. Fargabar kuwa kusan iri ɗaya ce: kada wuta ta ja mini yaro. Amsar da malamai ke bayarwa ita ma iri ɗaya ce, kuma na ji ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba: "Hajiya, kwantar da hankalinki, ai bolt 12 ne kawai, ba ya ja."

Gaskiya malamin ya faɗa, amma rabinta. Rabin da ya bari shi ne wanda ke kai yara asibiti.

Bolt 12 ba ya jan mutum saboda busasshiyar fata tana tare wuta sosai, abin da ke ratsa ta bai kai ya kawo ba. Ƙarfe kuwa ba ya tare komai. Ku ɗauki tankin ruwa a matsayin misali. Bolt shi ne tsayin da aka ɗora tankin, amfiya kuma ita ce yawan ruwan da ke kwararowa. Tankin da ke kan bulo biyu ba zai feso ruwa da ƙarfi ta ƙaramin famfo ba, amma a fasa masa ciki a ga yadda zai cika tsakar gida cikin ƙiftawar ido. Fatar yaro ita ce ƙaramin famfon. Sufana, ko zobe, ko agogon ƙarfe, ko sarƙar wuya da ta faɗa tsakanin kawunan batir biyu, ita ce fasa cikin tankin. Duk bakaniken da ya daɗe a gareji ya san wannan ba tare da an koya masa a aji ba, domin ya taɓa ganin sufana ta yi tartsatsi ta manne a kan batirin mota, ta yi zafin da ba a iya kama ta.

A duba babbar gasar ɗaliban sakandare ta FIRST a Amurka, ƙungiyar da injiniya Dean Kamen ya kafa a 1989, wadda ta yi gasarta ta farko a 1992 da ƙungiyoyi 28 a garin Manchester na jihar New Hampshire. Batirin da dokar gasar ta amince da shi mai bolt 12 ne, irin mai dalma da ruwan asid a rufe, nauyinsa wajen kilo 6. Ƙarfin da ke ajiye a cikinsa ya kai ya riƙe dutsen guga mai wat 1,000 na kusan minti 13. Idan waya ta haɗu da waya, ɗaruruwan amfiya ne za su bi ta wurin a take. A ƙaddara zafin dutsen guga biyu ko uku an tattara shi a kan zoben da ke yatsar yarinya, zoben da ba zai fita ba don yatsar ta riga ta kumbura. Shi ya sa dokar ta wajabta babban makatsin wuta mai amfiya 120 a kan kowane mutum-mutumi, a wurin da hannu zai kai gare shi da sauri, ta kuma wajabta a naɗe kawunan batir da abin da ba ya ɗaukar wuta. Ana hana ɗalibai ɗaukar batirin ta wayoyinsa, ana kuma so kowace ƙungiya ta ajiye hodar bekin soda da safar hannu ta roba da mazubin da ba na ƙarfe ba, saboda ranar da batir zai faɗi ya tsage ruwansa ya zubo.

Namu yaran ma galibi ba irin wannan batirin suke amfani da shi ba. Nasu na litiyam ne, ɗan ƙarami, mai kama da sandar sabulu, ko kuma ƙwayoyin da aka ɓalle daga mataccen batirin kwamfutar tafi-da-gidanka aka haɗa da salatif. Ƙanƙantarsa ke sa a raina shi, shi kuwa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kowace ƙwaya tana cika a bolt 4.2, ba a son ta wuce nan ko da kaɗan, ba a kuma son a zuƙe ta ƙasa da bolt 3. Tsakanin ɓangarorinta biyu akwai wata 'yar leda wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba. In an cika ta fiye da kima, ko ta faɗi ta lotsa, ko ƙusa ta huda ta, ledar nan sai ta gaza. Daga nan zafi ya haifi zafi, ƙwaya ta kunna maƙwabciyarta, kamar gobarar kasuwa da ke tsallakawa daga rumfa zuwa rumfa. Wannan matsala ce ta sa aka dakatar da jiragen Boeing 787 daga tashi a farkon 2013, ita ce kuma ta sa Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 a 2016. Kamfanonin da ke da dubban injiniyoyi ke nan. Mu kuwa sai a bar ɗan shekara 14 ya jona batirin da ya kumbura a cajar da ba tasa ba, a rufe ɗaki a tafi sallar la'asar.

Batirin da ya kumbura ya gama aiki. Ba a matsa shi don ya koma, ba a huda shi don iskar ta fita. A sa shi cikin yashi nesa da ɗaki. Wanda ke da lafiya kuma a yi cajinsa da cajar da ke daidaita ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, a kan siminti ko cikin buɗaɗɗiyar tukunyar ƙasa mai yashi a gindi, da mutum a zaune a wurin har ya cika. Tukunyar ƙasa da bokitin yashi ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba.

Batir ma ɗaya ne kawai daga cikin wuraren da ƙarfi ke laɓewa. Abin da nake so kowane malami ya cusa wa ɗalibansa shi ne kashe makunni bai sauke ƙarfin da na'ura ta riga ta tara ba. Danƙon harbin tsuntsu da aka ja aka riƙe ba shi da batir, amma kowa ya san kada ya sa idonsa a gabansa. Tarkon ɓera da aka ɗana ba a jone yake da wuta ba. Tayar da mai faci ya cika da iska tana nan da iskarta ko injin ya mutu. To haka hannun mutum-mutumi da aka ɗaga sama aka bari, haka sifirin da aka matse, haka robar da aka ja don harba ƙwallo, haka tankin iska. A gasar FIRST ana barin a tara iska har awo 120 a ma'aunin da mai faci ke amfani da shi, alhali tayar ƙaramar mota wajen 32 take sha. Saboda haka dole a sa bawul ɗin da za a murɗa da hannu iskar ta fita gaba ɗaya. Kafin yaro ya zura hannu cikin na'ura, a kashe babban makatsi, a saki iska, a sauke hannun ƙasa, a sassauta sifirin. In sabon shiri aka ɗora wa kwamfutar na'urar, a ɗora ta kan katako ƙafafunta su bar ƙasa, kamar yadda bakanike ke ɗage mota, domin kuskuren alama ɗaya a cikin lissafi ya isa ya sa abin da aka ce ya yi gaba ya yi baya da gudu. Manyan na'urorin gasar nan da batir da komai sun haura kilo 50, wato buhun siminti ne mai ƙafafu.

Sai injinan da ke juyawa, kuma a nan dole mu yi maganar sutura ba tare da kunya ba. A watan Afrilu na 2011 wata ɗalibar fiziks da ilimin taurari a Jami'ar Yale ta Amurka, saura makonni ta kammala digiri, ta rasu bayan injin sassaƙa ƙarfe ya kama gashinta. Da dare take aiki, ita kaɗai, babu wanda zai kai hannu ya kashe injin. Ba mutum-mutumi take haɗawa ba, amma injin huda ƙarfe da ke ɗakin ƙere-ƙeren makaranta halinsu ɗaya: abin da ya kama sai ya naɗe. 'Ya'yanmu mata suna zuwa da dogon hijabi, maza da riga mai faɗin hannu, wasu da carbi ko igiyar katin shaida a wuya. Ba na goyon bayan a ce wa yarinya ta zaɓi tsakanin suturarta da kulob. Ɗan ƙaramin hijabi mai kama kai, a tura bakinsa cikin rigar aiki mai maɓalli, ya raba gardama, kuma tela ɗaya zai ɗinka wa kulob gaba ɗaya cikin mako. Safar hannu kuma, wadda mutane ke ɗauka ita ce alamar kiyayewa, ba a sa ta a gaban injin da ke juyawa, domin in ya kama bakin safar da hannun zai tafi. Takalmi ya zama rufaffe, silifa ta tsaya a ƙofa.

Tabaran kariya kuwa su ne abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A gasar FIRST, ba mai shiga rumfunan gyara na filin gasa sai da su a fuskarsa, ko ɗalibi ne, ko alƙali, ko baƙon da ya zo kallo. A nan na sha ganin hotunan kulob a Facebook, yara sun kewaye injin yankan ƙarfe, shugaban makaranta na tsaye a baya, ba ko ɗaya mai tabarau. Makarantar da ta iya sayen kayan haɗi daga waje, ta buga ƙatuwar tuta mai hoton kofi, ba za ta ce kuɗin tabarau goma ne ya gagare ta ba. Jami'an da ke zuwa buɗe irin waɗannan ɗakuna su ma da za su tambayi ina abin kashe gobara da akwatin magani kafin su yanke ƙyalle, da an ga canji.

A wajen like waya da dalma, abu biyu ake rikitawa. Hayaƙin da ke tashi na ƙaron da ke cikin wayar dalmar ne, kuma yawan shaƙarsa na iya jawo asma, don haka a buɗe tagogi. Ita dalmar kanta ta hannu take shiga, daga yatsa zuwa ƙosai zuwa baki. Mu da muka ga abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara kusan 400 suka rasu, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan gubarta, ko da yake abin da ke cikin ɗakin kulob bai kama ƙafar wancan ba. A hana ci da sha a teburin aiki, a wanke hannu da sabulu kafin a fita.

Akwai haɗari guda da littattafan kiyayewa na Turawa ba su cika damuwa da shi ba, don ba su san shi kamar yadda muka san shi ba. Ana cikin huda ƙarfe sai a ɗauke wuta. Yaro ya ajiye injin a kan tebur yadda yake, makunni a kunne, ya fita shan iska. Wani ya zo ya ɗauka yana duba bakinsa, sai a kawo wuta. Doka ta farko a kowane ɗakin ƙere-ƙere a ƙasar nan ya kamata ta zama: in an ɗauke, a kashe komai, a zare daga soket. In kuma janareta za a tayar, ya tsaya can waje nesa da taga, don hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari.

Ranar gasa duk waɗannan suke taruwa wuri guda. Ɗalibanmu na zuwa irin waɗannan tarurruka, daga na cikin gida har zuwa FIRST Global da aka fara a Washington a 2017. Rumfar gyara a babbar gasar FIRST kusan mita 3 ce a kowane gefe, a ciki ga na'ura, ga kayan aiki, ga yara biyar ko shida da ba su yi barci ba, ga sanarwa cewa saura minti goma a kira su. A irin wannan lokaci ne wanda ke riƙe da abin tuƙi yake kunna na'ura ba tare da ya ga hannun abokinsa na cikin giya ba. Masu shirya gasar sun yi tanadi: akwai fitila a jikin na'urar da ke tsayawa cak in tana kunne kawai, ta riƙa ƙyafƙyaftawa in an ba ta izinin motsi, kuma dogon maɓallin nan na ƙasan allon maɓallan kwamfuta shi ne birkin gaggawa. Ƙungiyoyi suna naɗa ɗalibi guda kyaftin na kiyayewa. Wannan tsari na fi so mu ara, da sharaɗin a ba shi iko na gaske, ya iya cewa a tsaya kowa ya tsaya, har malami. Kafin a kunna, mai tuƙi ya ɗaga murya ya sanar, ya jira kowa ya nuna masa hannuwansa biyu.

Bayan an tashi ma da sauran aiki. An gaji, an ci ko an faɗi, sai a watsa batira da sufanu da kusoshi cikin jaka ɗaya a jefa but ɗin bas, a kama hanyar awa biyar a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato. Kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a sa batirin litiyam da ba ya cikin na'ura a kayan da ke shiga cikin jirgi ta ƙasa, sai a jakar hannu, don in ya fara hayaƙi a gani da wuri. A bas ma haka ya dace. A naɗe kan kowane batir da salatif, na litiyam a bar shi da rabin caji, kowanne a ledarsa, a sa su cikin akwatin da ba na ƙarfe ba, akwatin kuma ya zauna a gaban malami, inda rana ba ta dukansa.