Shin Sin Ce Ta Sace Hanyar Google a 2018?

A daren Litinin 12 ga Nuwamba 2018, jim kaɗan bayan ƙarfe 10 agogon Nijeriya, mutane da yawa a Amurka da wasu ƙasashe suka nemi shiga shafukan Google abin ya faskara, kuma da masana suka bi sawun saƙonnin, sai suka tarar an karkatar da su ta kamfanin TransTelecom na Rasha zuwa China Telecom, inda suka maƙale ba su ƙara gaba ba. Kafin gari ya waye magana ta bazu cewa Sin da Rasha ne suka ƙulla makirci don su kwashe asirin jama'a, har yau kuwa akwai masu maimaita wannan zance, alhali hujjojin da ke hannu sun nuna akasinsa.

Abin da ya inganta shi ne saƙonnin sun bi ta Rasha da Sin, babu jayayya a kan wannan. Amma asalin al'amarin a Legas yake, wurin kamfanin MainOne, wanda yake haɗuwa da Google a mahaɗar intanet ta Nijeriya, IXPN. Washegari kamfanin ya fito fili ya ce kuskure ne aka yi wajen saita na'ura a lokacin wani gyara da aka shirya, an kuma warware shi cikin minti 74, Google ma ta ce ba ta ga alamar mugun nufi ba.

Wajibi ne a fahimci yadda kuskuren kamfani guda zai girgiza duniya haka. Manyan na'urorin da ake kira rauta suna magana da juna da wata ƙa'ida mai suna BGP, wadda aka tsara a 1989, zamanin da ma'abota intanet 'yan kaɗan ne kuma sun san juna, saboda haka aka gina ta bisa amana. Kowace rauta tana yi wa maƙwabciyarta shela cewa ta san hanyar zuwa adireshi kaza, maƙwabciyar ta ɗora lambarta a kai ta miƙa gaba, har shelar ta zama tamkar riwaya mai isnadi, wane daga wane daga wane, sai dai a nan babu malamin da ke bin maruwaita yana tantance adalcinsu, in ba wanda kamfani ya ɗora wa kansa wannan aiki ba. Hanyoyin da Google ta sanar wa MainOne na amfanin MainOne da abokan cinikinsa ne kaɗai, amma rautarsa ta miƙa su ga China Telecom, ita kuwa ta karɓa ba bincike ta yaɗa. A ganina zalunci ne a ɗora wa kamfanin Legas laifin shi kaɗai, domin babban kamfanin da ya karɓi shelar yana da halin ƙinta, bai ƙi ba.

Game da cewa an kwashe asirin mutane, babu dalilin da ya tabbatar da haka, kasancewar mafi yawan saƙonnin Google a kulle suke da rubutun sirri, wanda ya tare su a hanya yana iya ganin daga inda suka fito da inda suka nufa, amma karanta abin da ke ciki ba abu ne mai sauƙi ba.

Akwai wata shubuha kuma da ke shiga zukatan jama'a idan suka ji ana batun tace shela a matsayin maganin irin wannan kuskure, sai su zaci hanya ce ta toshe shafuka da hukumomi kan yi. Ba haka ba ne. Mai tace shelar da ke fita ba ya taɓa saƙon kowa: injiniya ne yake zama ya rubuta wa rauta jerin adireshin kamfaninsa da na abokan cinikinsa, ya ce waɗannan kaɗai aka halatta mata ta sanar, sa'an nan ya rufe jerin da layi guda mai haramta duk abin da ya saura. Hasali ma, toshe shafi ne ya taɓa haifar da fitina saboda rashin wannan tacewa, domin a ranar 24 ga Fabrairu 2008, bayan gwamnatin Pakistan ta umarci a rufe YouTube a cikin ƙasarta, Pakistan Telecom ya ƙirƙiri hanyar bogi don amfanin gida, shelar ta kuɓuce zuwa kamfanin PCCW na Hon Kon, YouTube ya ɓace wa mafi yawan duniya na kimanin awa 2.

Su ma injiniyoyi suna da tasu jita-jitar, wato cewa tsarin RPKI ya riga ya kashe wannan matsala. Tsarin yana da fa'ida ƙwarai, domin yana tabbatar da cewa mai adireshi na haƙiƙa ne tushen shela, kuma irinsa ne maganin abin da ya auku a Pakistan. Amma a waƙi'ar Legas tushen shelar sahihi ne, lambar Google ce a farkon jerin, ɓarnar a tsakiya ta shiga, don haka da shelar ta wuce wannan bincike lami lafiya. Saboda irin wannan ɓarna ne, tun kafin waƙi'ar Legas, ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar da takarda mai lamba RFC 8212 a 2017, wadda ta hukunta cewa rautar da ba a rubuta mata ƙa'ida ba kada ta sanar da komai ga wani kamfani, kada kuma ta karɓa, sa'an nan a 2022 ta ƙara da RFC 9234, inda rautoci biyu ke bayyana wa juna matsayinsu tun farkon haɗuwa, wane ne mai sayarwa, wane ne mai saye, wane ne tsara, ta yadda hanyar da aka samo daga tsara za ta zo da alamar da ke hana a miƙa ta ga mai sayarwa.