Filastar Rufin Rumfar Mota: Aikin da Ake Yi Ana Kallon Sama

Da yawa daga cikinmu mun taɓa yin leburanci a wurin gini lokacin hutu, don mu haɗa kuɗin littafi ko na jarrabawa. Mun ɗauki kwanon sarki, mun tura baro, mun kwaɓa siminti. Amma duk wanda ya taɓa miƙa wa magini kwaɓi yana filastar rufin kankare na rumfar mota ya san wannan aiki daban yake. A bango, kwaɓin yana da inda zai jingina. A sama kuwa, ba abin da ke riƙe shi sai yadda ya manne.

Bari mu yi ɗan lissafi. Filasta mai kaurin santimita 1 a faɗin murabba'in mita 1 tana kai wajen kilo 20. Rumfa mai tsawon mita 6 da faɗin mita 3 tana da murabba'in mita 18, wato kilo 360 ke rataye a kan mota da duk wanda ya shiga ƙarƙashi. Ya fi buhun siminti 7. In magini ya ninka kaurin don ya ɓoye karkatar kankare, nauyin ma ya ninku. Shi ya sa filastar sama ba ta kai ta bango kauri, ba a so ta wuce santimita 1.

Inda aiki ke lalacewa tun kafin a fara shi ne fuskar kankaren. Bayan an cire katakon da aka zuba shi a kai, takan fito sumul, wani lokaci har da maiƙon da aka shafa wa katakon. Kwaɓi ba ya kama santsi. Sai an wanke, an sassare fuskar da guduma da kurfi ta yi kaushi, an jiƙa ta, sannan a watsa mata ruwan siminti mai kauri a bar shi ya kama. Masu gaggawa wannan matakin suke tsallakewa, don babu wanda zai gani in an gama. Bayan 'yan watanni a ga ɓangare guda ya ɓallo a kan gilashin mota.

Kwaɓin kansa yakan zama awo 1 na siminti da awo 3 ko 4 na yashi mai laushi da aka tankaɗe.

Ga kuma abin da malamin kimiyya zai so mu riƙe: siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce. In ruwan ya gudu da wuri, filastar ta tsattsage, ta riƙa zubar da gari. Rumfar mota a buɗe take, iskar hunturu na ratsa ta ta kowane gefe, don haka sai an yi ta yayyafa ruwa har kwana 7. Wannan buɗewar ce kuma ta sa POP, mai kyau a falo, bai dace a nan ba, domin ba ya jure danshin damina.

Mu masu miƙa kwaɓi, mu ne a ƙasa, duk abin da ya zubo a kanmu yake sauka. Ɗanyen siminti yana ƙona fata, ido kuwa yana iya lalata shi. Mu nemi tabarau da safar hannu kafin mu hau aiki, ko da sauran leburori za su yi mana dariya. In ya faɗa ido, kada a murza. A yi ta zuba ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a wuce asibiti.

In an gama, ga gwajin da kowa zai iya yi a gida: a ƙwanƙwasa rufin a hankali da ƙotar guduma. Inda filasta ta kama, ƙarar a cike take. Inda ta yi ƙara kamar gwangwanin da babu komai a ciki, ta rabu da kankaren, sai a janye motar a kira magini.