Hanyar Masaukin Goûter, Inda Dutsi Ke Jifan Matafiya

A cikin tsaunukan Alp, kan iyakar Faransa da Italiya, akwai dutsin da ya fi kowane dutsi na yammacin Turai tsawo. Sunansa Mont-Blanc, wato Farin Dutsi, saboda ƙanƙarar da ba ta barin kansa rani da damina. Tsawonsa ya ɗara metir 4,800 da kaɗan. Tun ran 8 ga watan Agusta na 1786, da mutum biyu ƴan garin Chamonix, Jacques Balmat da likita Michel Paccard, suka fara taka ƙololuwarsa, jama'a ba ta daina ɗokin hawansa ba. Dubban mutane ne ke zuwa kowace shekara, kuma akasarinsu hanya guda suke bi, wadda ta taso daga garin Saint-Gervais. A kan wannan hanya akwai masauki da ake ya da zango cikinsa kafin a ƙarasa, shi ne masaukin Goûter, a tsayin metir 3,835. Wanda bai sani ba zai zaci hatsarin duka yana can bisa, kusa da ƙololuwa. Alhali kuwa wurin da ya fi cin rayuka yana ƙasa, tun kafin a isa masaukin.

Farkon tafiyar ba wuya. Akwai ɗan jirgin ƙasa da ke hawan dutsin tun farkon ƙarni na 20, hanyarsa ta ƙare a wani wuri da ake kira Nid d'Aigle, wato Sheƙar Gaggafa, a tsayin kusan metir 2,400. Mai karatu sai ya tuna cewa tsauni mafi tsawo a Nijar, can cikin Bagzan, metir 2,022 ne. Ke nan inda jirgi ke sauke mutum ma ya riga ya ɗara shi. Daga nan sai ƙafa. Babu itace, babu inuwa, sai tsakuwa da fasassun duwatsu, wani lokaci a hangi awakin dutsi suna kiwo ba ruwansu da kowa. Cikin awa biyu zuwa uku ana isa zangon farko, masaukin Tête Rousse, a metir 3,167, gefen wata daskararriyar ƙanƙara. Mutanen Saint-Gervais ba su manta da wannan ƙanƙara ba: a daren 11 ga watan Yuli na 1892 ruwan da ya taru a cikinta ya ɓalle, ya gangara da laka da duwatsu, ya hallaka mutum 175 a kwari.

Bisa da Tête Rousse kaɗan hanya take karo da abin da ake tsoro. Wani kwazazzabo ne mai tsananin gangara, ya sauko tun daga saman dutsin kamar indararo, ta yadda duk dutsin da ya ɓalle can bisa ta cikinsa zai biyo. Faɗinsa inda ake ƙetarewa bai fi metir 100 ba, tafiyar ƴan mintoci ce, amma babu wata hanyar kewaye. An laƙaba masa sunan kwazazzabon mutuwa.

Ga yadda ake yi. Matafiya su tsaya a bakinsa, kowa da hular kwano a ka. Jagora ya ɗaga kai ya duba bisa, ya kasa kunne, domin sau da yawa ana jin ƙarar dutsi kafin a gan shi. In ya ga shiru sai ya ba da izini, a wuce da hanzari amma ba da gudu ba, gama ƙasan wurin tsakuwa ce da ƙanƙara, wanda ya zame kuwa babu abin da zai tare shi. Ba a tsayawa a tsakiya don ɗaukar hoto ko gyara igiyar takalmi. Duwatsun kuwa ba iri ɗaya ba ne: wani kamar dunƙulen hannu, wani kamar turmi, wani ma ya fi haka, kuma da sun faɗo sai su riƙa tsalle suna canza hanya, ba wanda zai ce ga inda za su bi.

Wani bincike da gidauniyar Petzl ta tallafa, wanda aka yi da takardun jandarmomin ceto na Chamonix, ya ƙidaya mutum 102 da suka rasu da 230 da suka ji rauni tsakanin masaukan nan biyu daga 1990 zuwa 2017. Kusan rai huɗu ke nan kowace shekara, a ɗan tsakanin da bai kai tafiyar awa uku ba. Ba dukansu ne dutsi ya jefa ba. Akwai waɗanda santsi ko gajiya ya kayar, wasu wajen hawa, wasu wajen sauka.

Dalilin zubar duwatsun kuwa ruwa ne da zafi. A irin wannan tsayi ƙanƙarar da ke cikin tsagogin dutsi ita ke riƙe shi, kamar yadda siminti ke riƙe gini. Da dare sanyi ya ɗaure komi. Da rana ta ɗaga sai ƙanƙara ta fara narkewa, ruwa ya shiga tsagogi, abin da ke ɗaure ya saki. Masu binciken da suka kafa na'urori a wurin sun tabbatar da abin da jagorori suka daɗe da sani: da safe zubar takan yi sauƙi, daga azahar zuwa magariba ta tsananta. A nan ne gaggawa ke cutar mutane, domin wanda ya shiga jirgi da safe yana son ya kai Goûter a yini guda, sai rana ta yi tsaka yake isa bakin kwazazzabon. Shi ya sa jagorori da yawa suka fi son a kwana Tête Rousse, a ƙetare da sassafe.

Ɗumamar yanayi ta ƙara dagula al'amarin. A shekarar 2022, da zafi da fari suka yi tsanani a Turai, jagororin Chamonix da na Saint-Gervais suka dakatar da kai mutane ta wannan hanya tun cikin watan Yuli. Duk da haka wasu suka ƙi jin gargaɗi. Magajin garin Saint-Gervais, Jean-Marc Peillex, ya yi barazanar karɓar ajiyar Euro 15,000 daga duk mai son hawa, wato kusan miliyan 10 na sefa: 10,000 kuɗin ceto, 5,000 kuɗin jana'iza. Maganar ta yi zafi, amma ba ta rasa dalili ba, tun da jandarman da zai je ɗauko mai taurin kai shi ma ƙarƙashin duwatsun nan zai tsaya. Ran 5 ga watan Agusta aka rufe masaukan biyu, ba a buɗe su ba sai bayan mako biyu. Dama tun 2019 hukuma ta hana bin hanyar ga wanda bai riga ya kama wurin kwana a masauki ba, kuma akwai masu binciken takarda a hanya.

To, wanda ya ƙetare lafiya bai huta ba tukuna. Saura masa hawan kusan metir 500 a kan ƙashin dutsi, inda sai an haɗa da hannu, a wasu wurare ana kama igiyoyin ƙarfe da aka kafa. Iskar da ake shaƙa a nan ba ta fi kashi biyu cikin uku na wadda ake samu a bakin teku ba, don haka kowane taku sai da haki, ga ciwon kai, ga tashin zuciya ga wanda jikinsa bai saba ba.

Masaukin na yanzu an buɗe shi a 2013, ya gaji wani tsoho da ya yi wa jama'a kaɗan. Siffarsa kamar ƙwai, hawa huɗu, ginin katako ne da aka lulluɓe da ƙarfe mai ƙyalli domin ya jure iskar da kan kai gudun kilometir 300 a awa, kuma wani sashensa ya leƙa kan rami. Ƙungiyar masu hawan tsaunuka ta Faransa ke da shi, yana ɗaukar mutum 120. Jirgi mai saukar ungulu ke kawo abinci, ruwa kuwa ƙanƙara ake narkarwa, saboda haka ba a wasa da shi. A bakin ƙofa ake tuɓe manyan takalma, a ci abincin dare tare a dogayen tebura, a kwanta da wuri a ɗakunan taro, ko da yake kaɗan ne barci ke ɗauka a wannan tsayi.

Wajen ƙarfe 2 ko 3 na dare ake tashi, a ɗaura fitila a goshi, a fita cikin sanyi zuwa ƙololuwa, wadda ke da sauran kusan metir 1,000. Waɗanda suka kai, da waɗanda iska ko gajiya ta komo da su, duk ta hanyar da suka hau za su sauka. Sau da yawa rana ta riga ta yi zafi lokacin da suke sake tsayawa a bakin kwazazzabon, ƙafafu sun mutu bayan tafiyar awa goma ko fiye, jagora na kasa kunne karo na biyu.