Tsatsar da ke Ɓoye a Kogon Taya

Yau ƙarƙashin mota za mu leƙa. Direbobinmu na hanyar Jos, ku da kuke karya kwana a Kwanar Dangora, ku bi ta Tudun Wada, ku ratsa dajin Falgore, da masu ɗauko masara daga ƙauyukan Doguwa, da masu shiga Tiga da Bebeji, a ƙaro muryar rediyo, shirin naku ne.

Ƙarshen daminar da ta wuce na tsaya a Kwanar Dangora, saboda wata ƙara da ta dame ni a bayan motata, tsohuwar Golf. Mai gyaran dattijo ne, mai walda. Ya ɗaga ta a jak, ya kwance taya, ya ce in sunkuyo in gani. Na leƙa kogon nan da taya ke juyawa a ciki, na gan shi baƙi wuluk, sumul, ba abin da ya nuna matsala. Sai ya ɗauki sukudireba ya danna. Baƙin ya lotsa. Ya ɓamɓaro wani yanki kamar tafin hannu, sai ga jar ƙasa mai danshi a ƙarƙashi, alhali an kwana biyu rabon da a yi ruwa. Mai danshi, jama'a. Ƙarfen da ke bayanta kuwa marmashewa yake yi kamar ƙuli-ƙuli. Ya sake dannawa, sukudireban ya wuce, ya ce mini, "Alhaji, buɗe but ka ga bakinsa." Na buɗe, na gani. Tsakanin hujin da inda shokozoba ke ɗaure bai kai taƙi ɗaya ba, kuma da motar nan nake ɗaukar iyalina.

To mene ne wannan baƙin? Shafi ne da ake yi wa ƙasan mota, wani na kwalta, wani na roba, wani kuma mai kama da kakin zuma da ake tsiyayawa cikin lungunan ƙarfe. Ba don mu aka yi shi ba, don gishiri aka yi shi. A ƙasashen da ake dusar ƙanƙara, gishiri ake watsa wa titi don ƙanƙarar ta narke. Wajen shekarar 1938 jihar New Hampshire ta Amurka ta gwada wannan dabara, sauran suka bi, daga nan motoci suka shiga ruɓewa ta ƙasa. A 1959 wani Bajamushe mai suna Kurt Ziebart ya kafa kamfani a birnin Detroit, aikinsa ke nan kawai, kare mota daga tsatsa. Ku duba fa, a garin da ake ƙera motar, sai da aka buɗe wata sana'a daban ta hana ta ruɓewa.

Motocin da muke kira Beljiyam, waɗanda suka biyo ta Kwatano, daga irin waɗannan titunan suka fito. Golf 3 da ta cika tashoshinmu, tun 1991 aka fara ƙera ta, ƙaramar cikinsu ta haura shekara 25. Ta sha gishirin Turai, ta zo nan rana ta gasa shafin, ya bushe, ya tsattsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ba hanyar fita. Kun san kuma damina a nan kudancin Kano ta fi ta arewacin jihar ƙarfi, taɓon hanyoyin gona yana maƙalewa a kogon taya ya yi watanni. Ga buhunan takin zamani da muke lodawa a but, wanda sinadarin fotash da ke cikinsa ɗan'uwan gishiri ne wajen cin ƙarfe. Shafin da aka yi don kariya, in ya tsufa, shi ke riƙe danshi, shi kuma ke ɓoye ɓarnar. Shi ke riƙewa, shi ke ɓoyewa.

Maganin kuwa, a kankare shi a ga ƙarfe tsirara. Na zauna a benci na kalli yadda dattijon ya yi. Da fari aka wanke kogon tas, aka bar shi ya sha rana. Sannan ya sa wani ƙarfe mai faɗin baki yana bin gefen tsaga, yana ɗan bugawa. Inda shafin ya riga ya saki, ɓallewa yake yi da kansa. Abin da ya ba ni sha'awa, kwalta sanyi ke sa ta tauri ta karye. Turawa har busasshiyar ƙanƙara suke zuba mata, mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifili, sai ta riƙa fashewa kamar tangaran. Mu ba mu da ita a gareji, amma muna da safiyar hunturu, kuma mutanen Riruwai sun san irin sanyin da nake nufi. Saboda haka aikin nan na rani ne, a fara shi da sassafe. Abin da ya rage manne, a jiƙa tsumma da kananzir a goge, a bi da burushin waya da sanfefa har ƙarfe ya yi haske.

Ga inda nake roƙonku. Wasu yaran gareji, don sauri, wutar walda suke kunna wa shafin ya narke. Kada ku yarda. A kogon tayar baya bututun zuba fetur yake bi, kusa da shi ga tiyon birki, ga wayoyin wuta, bayan ƙarfen kuma ga shimfiɗar cikin mota. Hayaƙin robar nan in ta ƙone yana illa ga huhu. Kada kuma a wanke da fetur. Ba wuta, ba fetur. In sai an ɗumama, a yi da na'urar hura iska mai zafi, nesa da tanki.

Ana yi mini alama lokaci ya ƙure, bari in taƙaita. Inda ya huje, a yanke a yi walda da sabon ƙarfe, kada a cusa fila a kan tsatsa. A shafa jan fenti, ya bushe, sannan sabon shafi. Mai sayen mota kuma, in ka ga ƙasanta ya sha sabon baƙin fenti yana ƙyalli, sa yatsa ka danna kafin ka biya.

Direbobi, kafin ruwan farko ya sauka, a kwance taya huɗun nan a leƙa. Allah Ya tsare hanya, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a huta lafiya.