Daga Tudun Yankwashi Zuwa Bahar Maliya

[Kiɗan buɗe shiri, sannan ya ja baya a hankali]

Gaisuwa ga mutanen Yankwashi da Karkarna da Achilafiya, da 'yan'uwanmu na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, musamman iyayenmu mata da ke jin mu daga cikin gida. Shirinmu na musamman na yau zai ɗauke mu daga tudu ya kai mu teku.

Na san wani zai ce, mu da teku ina muka haɗu? Da gaskiyarsa. Daga nan zuwa bakin teku a Legas tafiya ce ta sama da kilomita 1,000. Ruwan da yawancinmu muka sani shi ne dam ɗin Kazaure, sai rafukan da ke cika da damina su ƙafe tun ba a gama sussukar gero ba. Amma shiga gidajen tsofaffin alhazai da na tsofaffin sojoji ka tambaya, za ka tarar labarin jirgin ruwa yana nan, jika ya ji daga bakin kaka. Sai dai babu ɗaya a cikinsu da ya shiga teku don nishaɗi. Larura ce ta kai su: Hajji, ko yaƙi, ko neman ilmi. Yau ga shi mutum yana biyan maƙudan kuɗi jirgi ya zaga da shi ya dawo da shi inda ya ɗauke shi.

Mu fara da alhazan da.

Kafin jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano a shekarun 1950, talaka ta gabas yake bi. Daga Kano sai Maiduguri, sai Fallomi wadda yanzu ake kira Njamena, sai Abashe, a ƙetara Sudan ta Jinaina da Fashir har Al'ubayyid, inda ake samun jirgin ƙasa. Wani da ƙafa, wani a jaki, daga baya a bayan babbar mota. Guzuri kan ƙare a hanya, sai a yada zango a yi ƙodago. Gonakin auduga na Jazira, waɗanda aka buɗe a 1925, sun ci guminsu ƙwarai. Wasu sukan shekara biyar ko bakwai kafin su ga Ka'aba, wasu kuma can suka zauna har abada, zuriyarsu na nan a garuruwa irin su Mai Wurno a bakin kogin Nilu.

Ƙarshen tudu shi ne Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa da ke kudu da Fot Sudan. A nan ake tsare maniyyaci a yi masa lamba da allurar kwalara, a duba takardunsa, sannan a loda shi a jirgi. Ba ɗaki ake ba shi ba. Wuri yake nema a filin jirgi ya shimfiɗa tabarmarsa, ga butarsa, ga ƙullin garinsa, ga rana. Wanda ba shi da takarda ko kuɗin jirgi sai ya bi ta bayan fage, ya shiga sambuk, jirgin katako na Larabawa mai tafiya da iska, a tsallaka da shi cikin dare a sauke shi a wata gaɓa nesa da Jidda, ya ƙarasa da ƙafa idan Allah ya yi da sauran kwana. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbi ba, ranar farko da ya ga teku ita ce ranar da ya shige ta.

Manya suna da tasu hanyar. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shiga jirgin ruwa a Legas ya tafi Ingila, ya gana da Sarki Joji na Biyar, daga can ya nufi Makka. Sai sojoji, waɗanda muke kira 'yan Bama: a 1943 da 1944 aka cika jirage da samarin Afirka ta Yamma, 'yan Arewa da yawa a cikinsu, suka yi makonni a kan ruwa kafin su sauka Indiya, daga nan aka wuce da su dajin Bama. Bayan yaƙi kuma ɗalibai da ma'aikatan gwamnati da ke zuwa kwas Ingila sun san jiragen kamfanin Elder Dempster guda uku, Accra da Apapa da Aureol. Tafiyar kusan mako biyu ce tsakanin tashar Apapa da Libaful, ana tsayawa a Gana da Saliyo da Las Palmas. Aureol ya fara aiki a 1951, ya yi zuwansa na ƙarshe a 1974, lokacin jirgin sama ya riga ya ƙwace kasuwa. Kun san inda ya ƙare? Wani attajirin Girka ya saye shi, ya sauya masa suna, aka kai shi Jidda aka ɗaure, ya zama masaukin ma'aikata.

[Ƙarar igiyar ruwa, a taƙaice]

Wannan Jidda ɗin ce yanzu ta zama tashar jiragen yawon shaƙatawa. Saudiyya ta kafa kamfanin Cruise Saudi a 2021, a shekarar ce jirgin MSC Bellissima ya riƙa tashi daga Jidda yana kai mutane Aƙaba ta Jodan da Safaga ta Masar. A watan Disamba na 2024 suka ƙaddamar da nasu na kansu mai suna Aroya, tsawonsa mita 335, yana ɗaukar fasinja sama da 3,000, ba giya, ba caca, ga wuraren salla. Kuma wannan ba shi ne ƙarshen girma ba. Icon of the Seas, wanda ya fara tashi daga Mayami ta Amurka a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000.

Gani ya kori ji. Wata tafiyar aiki ta kai ni Jidda, na sami damar shiga ɗaya daga cikin irin waɗannan jirage. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba talla muka zo yi ba.

Tun daga nesa na ɗauka otal ne aka gina a bakin ruwa, sai da na ga igiyoyin da aka ɗaure shi da su. A bakin ƙofa aka ɗauki hotona, aka miƙo mini wani ɗan kati. Shi ne makullin ɗakina, shi ne kuɗina, shi ne shaidata. Duk shiga duk fita sai an goga shi a na'ura, ta yadda a kowane lokaci sun san adadin rayukan da ke ciki. Ɗakin ƙarami ne ƙwarai, gado da ɗan tebur da banɗakin da ba ka iya miƙe hannu biyu a ciki. Masu arha ma ba su da taga ko kaɗan, sai agogo ya gaya maka gari ya waye.

Ban gama ajiye jaka ba aka busa ƙaho, gajere sau bakwai, dogo sau ɗaya. Kowa ya fito zuwa wurin da aka rubuta masa a katinsa. Attajiri da matarsa, tsohuwa a keken guragu, yara, babu wanda aka ɗaga wa ƙafa. Wata ma'aikaciya ta tsaya a gabanmu da rigar kariya ruwan lemo, ta zura ta a wuya, ta zagayo da ɗamarar ta baya, ta ɗaure, ta ja har ta kama jiki. Ta nuna usur ɗin da ke rataye a jikinta, da 'yar fitilar da ke kamawa da kanta idan ta taɓa ruwa. Aka kira lambar ɗakin da bai zo ba, aka aika aka nemo mai shi. Sai da lissafi ya cika aka kwance igiya. Wannan doka ta ƙara tsanani ne bayan jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu. Tun daga lokacin ba a yarda jirgi ya yi nisa ba a koya wa fasinja hanyar tsira ba.

Jirin teku bai zo mini da wuri ba. Sai bayan Isha, da iska ta taso, na ji ƙasa tana guduwa daga ƙarƙashin ƙafata, cikina yana juyawa kamar na hau bayan a-kori-kura a hanyar burji bayan na ƙoshi. Wani ma'aikaci ɗan Indonesiya ya ba ni shayin citta, ya nuna mini in fita waje in kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa. Ya yi amfani. Abin ya fi sauƙi a tsakiyar jirgi da benayen ƙasa, wanda ya biya kuɗi mai yawa ya hau can ƙololuwa shi ya fi shan jijjiga.

Salla kuwa ta koya mini abin da ban taɓa tunani ba. A gida alƙibla tana nan inda kakanka ya bar ta, ko da ido rufe ka san inda za ka fuskanta. A nan Makka tana gabas da Jidda, amma da jirgi ya miƙa arewa sai ta riƙa komawa kudu maso gabas, shi kansa jirgin kuma yana karkata. Inda ka fuskanta da Azahar ba nan za ka fuskanta da La'asar ba, sai ka sake dubawa. Ruku'u yana son ka buɗe ƙafa sosai. Malamai sun yi sauƙi, wanda ya kasa tsayuwa ya zauna. Na ga wani dattijo Balarabe ya ƙi zama, ya dafa bango da hannu ɗaya har ya sallame.

Abinci ba a magana, dare da rana tebur a cike, shinkafa kala-kala, kifi, nama, kayan zaƙi. Tuwo ne dai babu, kuma kafin a dawo na fara mafarkin miyar kuka. Abin da ya dame ni shi ne yawan abin da ake bari a faranti a zubar. Ɗan manomi ba ya iya kallon wannan ransa bai sosu ba. Sannan kada wanda ya ji an ce kuɗin tikiti ya haɗa komai ya saki jiki. Intanet da kuɗinta, fita yawo a garin da aka tsaya da kuɗinsa, ga wani ladan ma'aikata da ake ɗora maka kullum. Da yake kati ake gogawa, ba ka jin zafin fitar kuɗin sai daren ƙarshe da takardar lissafi ta iso.

Ruwan da muke sha da wanda muke alwala, daga tekun ake jan sa, injin ya cire gishirin. Bahar Maliya tana cikin tekuna mafiya gishiri, saboda zafin rana yana ƙafar da ita kuma babu wani kogi mai gudana duk shekara da ke zuba a cikinta. Kyanta na ban mamaki ne, shuɗi garau, kana hango duwatsun murjani a ƙasa. Waɗannan duwatsun ne kuma suke fasa jirage. A Disambar 1991 jirgin Salem Express, ɗauke da masu dawowa daga Jidda, ya daki irinsu dab da Safaga, ɗaruruwan mutane suka halaka.

Wani dare na hau can sama na tsaya ta ɓangaren yamma. Bayana ana kiɗa, yara na wasa a wurin ninƙaya, wasu na ɗaukar hoto. Gabana duhu ne kawai, amma na san Sawakin tana can ƙetare. A kan wannan ruwan mutanenmu suka tsallaka da ƙishirwa, suna tambayar malamin ayari inda ya kamata a ɗauki harami, wanda ya cika a hanya a yi masa sutura a saka shi a teku. Ni kuma ga ni da kofin lemo a hannu. Ban ce laifi ba ne, halal ɗina na ci, kuma na ji daɗin tafiyar ƙwarai. Amma jikina ya yi sanyi. Irin wannan tsallakawar ta larura ba ma tarihin da ya wuce ba ce kaɗai: da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, jiragen ruwan Saudiyya sun kwashi dubban mutane daga Fot Sudan zuwa Jidda, kowa da abin da hannunsa ya iya ɗauka.

[Kiɗa a taƙaice]

Ko akwai ranar da ɗan Yankwashi zai riƙa tara kuɗi don irin wannan hutu? A yadda Naira take, wanda ya tara abin da ya kai haka Umara zai tafi ko ya sayi shanun huɗa, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba. Abin da na fi so a kwaikwaya bai kai tsadar tikiti ba. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, maƙwabtanmu a jihar Kano, ɗauke da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Aƙalla rai 29 aka rasa, yawancinsu yara. An yi masa lodi fiye da ƙima. Kowace damina sai mun ji makamancin wannan a yankunan Jigawa da ke bakin kogin Haɗeja. Mai fito ba ya buƙatar na'ura kafin ya ƙirga mutanen da jirginsa zai iya ɗauka, rigar kariya kuma ana sayar da ita a Kano. Ƙananan hukumomi da masu unguwannin da ke da mashigi, wannan aikinku ne, kuma gara a yi shi tun da rani.

Kafin mu rabu, ga roƙo. Duk wanda kakansa ko kakarsa ta je Makka ta Sudan, ko mahaifinsa ya je Bama, ya zauna da dattijan gidansu ya ji labarin: wace shekara aka tashi, ta ina aka bi, wa ya dawo, wa ya zauna can. Ku aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba.

[Kiɗan rufe shiri]